Raha da Laima: Sharhi a kan Fassarar Humeur, Humour da Humidité zuwa Hausa

1. Gabatarwa

Akwai wata hanyar aiki da ta zama jiki a wurin masu shirya littattafan yaƙi da jahilci da na makarantun da ake koyarwa da harsunan ƙasa. Akan raba takarda gida biyu, a jera kalmomin Faransanci a hagu bisa tsarin abacada, a bar dama fili. Sa'an nan a tara masana a ce su cike filin, kowace kalmar Faransanci a samo mata takwara guda a Hausa. In an gama sai a buga, a rarraba wa masu fassara da malaman azuzuwan manya. Hanyar tana da sauri, ba ta kuma cin kuɗi da yawa, shi ya sa ta sami karɓuwa.

Maƙasudin wannan sharhi shi ne a nuna cewa hanyar tana tsaye a kan zato biyu marasa ƙarfi. Na farko shi ne kowace kalma tana da ma'ana guda ta asali, sauran ma'anonin kuwa rassa ne da za a iya ƙyalewa. Na biyu shi ne harsuna biyu suna rarraba abubuwan duniya a gaɓoɓi iri ɗaya, abin da ya rage wa mai fassara kawai shi ne ya sauya suna. Don a gwada waɗannan zato mun ɗauki kalmomi uku da suke maƙwabtaka a kowane ƙamus na Faransanci, wato humeur da humour da humidité. Tushensu ɗaya ne, amma yau ta farko tana bayyana halin rai, ta biyu tana dandalin wasa, ta uku kuma tana bakin rumbu da ofishin masu duba yanayi.

Maganar ta wuce gardamar masana. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun yi aiki a kan haruffa da ƙa'idojin rubutu. An buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Ke nan takardun da za a juya daga Faransanci zuwa Hausa, na kiwon lafiya da na noma da na shari'a, ƙaruwa za su yi. An yi nisa wajen sanin yadda za a rubuta kalma, saura a san wace kalma za a rubuta.

2. Tushen kalmomin uku

A harshen Latin kalmar umor tana nufin duk wani abu mai ruwa-ruwa, kamar ruwan itace ko raɓa ko ruwan jiki. Danginta su ne fi'ilin umere, wato kasancewa a jiƙe, da sifar umidus wadda ta haifi humide da humidité. Harafin h na farkon kalmomin ƙari ne. An liƙa shi ne saboda an zaci kalmar ƴar'uwar humus ce, wato ƙasa, tun da yake ƙasar noma a jiƙe aka san ta. Humus kuwa zuriyarta daban ce, daga gare ta aka sami humble da humilité. Wannan ya nuna cewa tun kafin a haifi Faransanci kamannin furuci ya riga ya ruɗi masu harshe a kan waɗannan kalmomi.

Abin da ya kai kalmar ɗakin likita shi ne ilimin magani na Girkawa. A wani littafi a kan ɗabi'ar mutum, daga cikin littattafan da ake jingina wa Hippocrate, wanda aka rubuta wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, an ce jikin ɗan Adam yana ɗauke da ruwaye huɗu. Daga baya aka tsara kowanne da sifofinsa biyu kamar haka:

(1) jini: zafi da danshi
(2) majina: sanyi da danshi
(3) ɗacin matsarmama mai ruwan ɗorawa: zafi da bushewa
(4) baƙin ɗaci: sanyi da bushewa

Lafiya ita ce daidaituwar ruwayen nan, cuta kuwa rinjayen ɗayansu a kan saura. Galien, wanda Larabawa suke kira Jalinus, haifaffen Pergame a shekara ta 129, shi ya faɗaɗa wannan ra'ayi ya ba shi tsari. A Bagadaza Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafansa zuwa Suriyanci da Larabci, ruwayen huɗu suka zama akhlaɗ: dam da balgham da safra'u da sauda'u. Ibn Sina ya kammala littafinsa Alƙanun a 1025, Gérard de Crémone ya juya shi zuwa Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, makarantun likitanci na Turai suka yi ta karantar da shi ɗaruruwan shekaru.

A wannan ilimi halin mutum yana bin yadda ruwayen suka gauraya a jikinsa. Kalmar tempérament asalinta gauraya take nufi, haka ma mizaj a Larabci. Wanda jini ya rinjaya a jikinsa shi ne sanguin, mai fara'a da kuzari. Mai majina shi ne flegmatique, wanda ba ya girgiza. Mai ɗacin matsarmama shi ne colérique, mai saurin fushi. Mai baƙin ɗaci shi ne mélancolique ko atrabilaire, kalmar farko daga Girkanci ta biyu daga Latin, ma'anarsu ɗaya. Molière ya kira jarumin wasansa Le Misanthrope na 1666 da wannan sifa ta ƙarshe. Daga nan ma'anar humeur ta gangara mataki-mataki: ruwa, sai ruwan jiki, sai halin da ruwan ya haifar, sai yanayin ran da mutum ya wayi gari da shi, mai zuwa ya wuce.

Ilimin ya rushe a hankali. Harvey ya bayyana zagayawar jini a 1628, Virchow ya mayar da tushen cuta ga ƙwayoyin halittar jiki a 1858. Amma kalmomin ba su mutu tare da ilimin ba. Bafaranshen da ya ce maƙwabcinsa yana cikin mauvaise humeur ba ya tunanin matsarmamar kowa.

3. Yadda humour ta rabu da humeur

Ingilishi ya ari humeur daga Faransanci tun a tsakiyar zamani, da dukkan ma'anoninta na likitanci. A ƙarshen ƙarni na 16 kalmar ta shiga yayi a London, ana amfani da ita ga duk wata ɗabi'a da ta yi wa mutum kanta har ya fita daban da jama'a. Ben Jonson ya gina wasanni biyu a kan wannan, na 1598 da na 1599, inda kowane ɗan wasa yake da ɗabi'a guda da ta mallake shi, ƴan kallo suna yi masa dariya. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta tashi daga mutumin da ake yi wa dariya ta koma kan abin ban dariyar, daga nan ta koma kan gwanintar mai hango abin dariya ya faɗe shi fuska a sake. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 marubuta irin su William Temple suna alfahari cewa wannan abu na Ingila ne kaɗai.

A ƙarni na 18 kalmar ta komo Faransa da sabon rubutu da sabuwar ma'ana. Voltaire ya yi ƙorafi a wata wasiƙa ta 1761 cewa tsohuwar kalmarsu ce Ingilishi suka ɗauka. Duk da haka humour ba ta shiga ƙamus na Académie française ba sai a bugu na takwas, na 1932 zuwa 1935. Yau Faransanci yana da kalmomi biyu, kuma jinsinsu ma ya bambanta: humeur tamace ce, humour namiji ne. Humeur noire baƙin ciki ne, humour noir kuwa raha ce da ake yi da mutuwa ko masifa, irin wadda André Breton ya tattara a littafinsa na 1940. Sifaniyanci bai raba su ba, kalmar humor guda ce take ɗaukar duka biyun. Harsuna ƴan gida ɗaya ke nan, kowanne ya yanka gonar a inda ya ga dama. To, ina dalilin da zai sa a zaci Hausa za ta yanka ta a inda Faransanci ya yanka?

4. Yadda Hausa take rarraba ma'anonin

4.1 Humeur

Mai cike fili in ya zo kan humeur, kalmar da za ta fara zo masa ita ce "hali". Ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, amma a dubi waɗannan misalai:

(5) Il est de bonne humeur: Yau yana cikin fara'a.
(6) Il est de mauvaise humeur: Ransa a ɓace yake. Ya sha kunu.
(7) Il est d'humeur égale: Mutum ne mai natsuwa, ba ya sauyawa.
(8) incompatibilité d'humeur: Jininsu bai haɗu ba.
(9) humeur aqueuse: ruwan da yake gaban ido, bayan fatar nan mai haske.
(10) troubles de l'humeur: cututtukan da suke taɓa walwalar rai.

A cikin shida ɗin nan babu inda "hali" ta shiga ba tare da ta ɓata ma'ana ba. In aka fassara (6) da cewa "yana da mugun hali", an ɗauki ɓacin rai na safiya guda an mayar da shi tabo na har abada, domin Bahaushe cewa ya yi hali zanen dutse. A takardar shari'ar aure ko ta asibiti wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ita kanta "hali" tana da nata rassan da humeur ba ta da su. An aro ta daga Larabci inda take nufin yanayin da abu yake ciki, ta riƙe wannan a "halin da ake ciki", ta ƙara da ɗabi'a a "halin kirki", ta ƙara da wadata a "mai hali" da "ba ni da hali". Kalmomin biyu sun haɗu a kusurwa guda ne, kowacce ta kama gabanta.

Abin lura kuma shi ne Hausa ba ta cika bayyana yanayin rai da suna tilo ba. Takan ɗauki rai ko zuciya ko ciki ko fuska ta haɗa da fi'ili ko sifa: ransa ya ɓaci, ransa ya yi fari, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ɗaure fuska, ya saki fuska. Takardar da ta tanadi gurbin suna guda ba ta da wurin da za ta sa irin wannan gini, alhali shi ne Hausar da mai karatu yake ji.

4.2 Humour

Nan matsalar yawa ce. Akwai raha da barkwanci da ban dariya da wasa da zolaya da tsokana da ba'a da gatse da shaguɓe da habaici da zambo. Faransanci ma yana da nasa jerin, su esprit da ironie da plaisanterie da raillerie da comique, amma ma'aunin rabon ya sha bamban. Faransanci ya fi duban salon maganar da irin wayon da yake cikinta. Hausa ta fi duban wane ne ya faɗa, wa ya faɗa wa, kuma mene ne tsakaninsu.

Raha ta taro ce, kowa yana sa baki, ba wanda ya tashi da ciwo. Barkwanci gwanintar mutum guda ce, shi ya sa ake cewa wane mai barkwanci ne. Zolaya da tsokana suna da wanda aka nufa, amma da sauran ƙauna. Ba'a kuwa tana iya ƙasƙantarwa. Gatse shi ne a faɗi akasin abin da ake nufi. Habaici harbi ne ba a kama suna ba, zambo kuma makamin maroƙa da mawaƙa ne, ana siffanta mutum har kowa ya gane shi. Wasa, a ma'anarsa ta zumunci, izini ne da al'ada ta bayar tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da tsakanin ƙabilu kamar Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa. Maganar da za ta jawo faɗa a bakin baƙo, a bakin abokin wasa dariya take jawowa. Wannan al'ada ce hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014.

Saboda haka avoir le sens de l'humour wani lokaci "yana da raha" ne, wani lokaci "ya san wasa" ne, wato ba ya fushi in an taɓa shi. Humoriste na dandalin zamani mai barkwanci ne, ɗan'uwansa na gargajiya shi ne ɗan kama. Humour noir kuwa tarko ne: wanda ya bi kalma da kalma zai faɗa kusa da "baƙar magana", ita kuwa wannan martani ne na rashin kunya, babu raha a cikinsa ko kaɗan.

Kalmomin Hausar ma da yawansu sun yi irin tafiyar da humeur ta yi. Raha daga kalmar Larabci mai nufin hutu take, nishaɗi daga mai nufin kuzari, fara'a daga mai nufin murna. Ba wanda zai ce ma'anar raha ta gaskiya ita ce hutu don kawai daga can ta fito. Ga kuma wani abin dubawa ga mai neman alaƙar dole tsakanin ruwa da dariya: Bahaushe in dariya ta ci ƙarfinsa cewa yake yi ya bushe da dariya. Ingilishin da ya gina kalmar raharsa a kan ruwa shi ma yana yaba rahar da ake yi ba murmushi da cewa busasshiya ce.

4.3 Humidité

Wannan ita ce ta fi kama da mai sauƙi, ita ce kuma kuskurenta ya fi tsada, don tana shafar abinci da iri da magani. Faransanci yana amfani da ita a wurare aƙalla biyar: ƙasar gona, da ɗaki ko bango, da iska, da ƙwayar hatsi, da wuraren da ake kira zones humides a yarjejeniyar Ramsar ta 1971 wadda Nijar ta shiga a 1987. Hausa ba ta tara su a kalma guda ba.

Ga ƙasa akwai laima, wadda wasu suke furtawa lema, da danshi. Manomi yakan tona da hannu bayan ruwan farko ya ga inda laima ta kai kafin ya yi shuka, in kuma bai jira ruwan ba ya zuba iri a busasshiyar ƙasa, wannan binne ne. Ga tufafi akan ce da sauran danshi, in abin ya yi yawa a ce ya jiƙe sharkaf. Ga wuri akwai fadama da dausayi da tabki, kowanne da irin ruwansa da irin amfaninsa. Ga hatsi ba a cika kiran suna ba, cewa ake yi bai gama bushewa ba, ko da sauran ɗanyantaka, ana kuma gane haka da haƙori ko da ƙarar kwanso in an girgiza shi.

Ga iska kuwa Hausa ta sa bambancin a cikin kalmomin zafi da sanyi. Ɗari shi ne busasshen sanyin hunturu mai fasa leɓe da ƙafa, sanyi a ƙuntatacciyar ma'anarsa shi ne na damina mai laima, ko da yake yau sanyi tana neman rufe duka biyun. Haka zafin rani daban yake da gumin bazara, lokacin da iskar kudu ta fara shigowa, zufa tana zuba ba ta bushewa. Ke nan Bahaushe ya san abin, ya kuma ba shi suna, sai dai bai ware shi a matsayin abin awo mai zaman kansa ba.

Abin awon shi ne humidité relative. Iska tana ɗaukar tururin ruwa daidai da zafinta. Mita ɗaya mai kusurwa uku-uku ta iska, wato mètre cube, tana ƙoshi da kimanin giram 17 a zafin digiri 20, da giram 30 a digiri 30, da giram 51 a digiri 40. Lissafin shi ne kashi nawa cikin ɗari na abin da za ta iya ɗauka ta ɗauka. Iskar da take da giram 15 ta kai kusan kashi 87 da asuba a digiri 20, da rana kuwa a digiri 40 kusan kashi 30 ce, alhali ruwan cikinta bai ragu ba. In dare ya ƙara sanyi har ta kasa riƙe abin da ta ɗauka, shi ne raɓa take sauka. A yankunanmu awon yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana a watan Maris, ya wuce kashi 80 da asuba a watan Agusta.

Na ƙwayar hatsi lissafinsa daban ne: nauyin ruwan da yake cikin ƙwaya ne a kan nauyinta duka. Gero da dawa da masara suna son a busar da su zuwa wajen kashi 12 ko 13 kafin a zuba a rumbu, ɓararriyar gyaɗa kuwa, wadda mutanen yamma suke kira gujiya, zuwa wajen kashi 7 ko 8. In ba haka ba funfuna ta kama, a cikinta har da mai fitar da gubar aflatoxine, wadda aka gano bayan ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar tunkuzar gyaɗa. Faransanci yana kiran awon biyu taux d'humidité. Injiniya ya san bambancin, saboda an koya masa. Amma in aka rubuta wa sabon mai karatu "laima kashi 13" a shafin ajiyar hatsi, ya kuma ji "laima kashi 13" a bayanin yanayi na rediyo, an ba shi magana ɗaya ga abu biyu: a hatsi wannan iyaka ce da bai kamata a wuce ba, a iska kuwa tsananin bushewar hunturu ne. Abin da ya dace shi ne a ce "yawan tururin ruwa a iska" a ɗaya, "ruwan da ya saura a ƙwaya" a ɗayan.

A ɗauki kuma gargaɗin da ake gani a jikin kwalin magani da buhun iri, à conserver à l'abri de la chaleur et de l'humidité. In jerin kalmomi ya ba da "sanyi" a gurbin humidité, fassarar za ta zama a kiyaye shi daga zafi da sanyi, maganar da ba ta gaya wa kowa inda zai ajiye abin ba. Ga shi "sanyi" tana kuma nufin cuta, ko ta gaɓoɓi ko ta al'aura. Hausar da take aiki ita ce: a ajiye shi a busasshen wuri inda rana ba ta bugawa, kada ruwa ya taɓa shi. Ita ma "laima" biyu ce a rubuce. Akwai ta jiƙa, akwai kuma wadda ake shiga don gudun ruwa da rana, wadda aka aro daga alkhaima ta Larabci, wato tanti. A cikin jimla ba wanda zai ruɗe, amma jerin kalmomi ba shi da jimla.

Har wa yau akwai bambancin daraja. A Faransanci humide sau da yawa aibu ce, gida mai humidité gida ne mai kawo ciwo. A ƙasar da damina take wata uku zuwa huɗu kuwa, kalmar ni'ima, wadda asalinta kyautar Allah ce, ta zama sunan wuri mai laima da inuwa da tsiro. Fassarar da ta manta da wannan za ta iya zama daidai a ma'ana ta kuma saɓa wa abin da mai karatu yake ji a ransa.

5. Zaton gado daga ilimin ruwaye huɗu

Akwai wani ra'ayi da ya kamata a taɓa, domin yana jan hankalin waɗanda suka yi karatun Faransanci da na Larabci duka. Ana cewa tun da Hausa tana da zafin rai da sanyin hali da farin jini da baƙin jini da baƙin ciki, to ta gaji ilimin Jalinus ta hannun Larabawa, saboda haka ana iya jera kalmomin harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa. Gaskiya ne littattafan ɗibbu sun iso ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani da Larabci. Gaskiya ne kuma maganin gargajiya yana raba cututtuka da abinci tsakanin zafi da sanyi. Amma balgham da safra'u da sauda'u da mizaj ba su zama kalmomin kasuwa da gona ba kamar yadda hali da ɗabi'a da lafiya suka zama. Danganta fushi da zafi kuwa abu ne da ake samu a harsuna da yawa, don jikin mai fushi ɗumi yake yi.

In aka gwada jerawar sai ta watse. Sang-froid natsuwa ce da dakewa a lokacin tashin hankali, ba ta da alaƙa da sanyin jiki, wanda kasala ne. Se faire du mauvais sang damuwa ce, baƙin jini kuwa rashin karɓuwa ne a wurin jama'a, abu ne da yake idon mutane. Misali na (8) da ya dace da jini dacewa ce kawai, ba ta kafa ƙa'ida. Larabci ma yana da irin tarkon humus: mizaj da muzah, wato yanayin rai da raha, sun yi kama a kunne amma saiwarsu daban, ɗaya m-z-j ɗaya m-z-h.

Wanda ya ƙera ma'aunin tururin iska mai aiki da gashin kai a 1783, Horace-Bénédict de Saussure na Geneva, shi ne kakan mahaifin Ferdinand de Saussure. Jikan ɗan nasa shi ya koya mana, a darussan da aka buga a 1916, cewa a raba tarihin harshe da yadda yake aiki a zamani guda, kuma darajar kalma tana fitowa ne daga maƙwabtanta a cikin harshenta. Mun karanta wannan a jami'a. Ya kamata ya biyo mu zuwa teburin fassara.

6. Shawarwari

Na farko, abin da za a sa a hagun takarda ma'ana ce a cikin jimlarta. Humidité ta sami layi biyar, humeur shida, kowane layi da misali daga irin takardar da za a fassara.

Na biyu, a yarda takwarar ta zama jimla ko gini mai fi'ili in haka Hausa take faɗar abin. Ƙirƙirar sabuwar kalma a bar ta ga inda babu makawa, kamar awon tururin iska, a kuma bi ta da bayani a littafin karatu.

Na uku, a raba kalmomin da kamanni kawai ya haɗa, irin laima da laima, kowacce da gidanta. Ma'anonin kalma guda, irin na hali da sanyi, a jera su da lamba a gida ɗaya.

Na huɗu, a nuna karin harshe. Abin da mutumin Tawa ko Dogon Dutsi yake ji a kalma ba lallai ne ya zama abin da mutumin Damagaram yake ji ba, gujiya ta ishe mu misali. Bargery ya yi haka a ƙamusunsa na 1934, Abraham kuma ya cika nasa na 1949 da jimlolin misali. Waɗannan, da ƙaramin ƙamus na Abdou Mijinguini, da na Caron da Amfani na 1997, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, su ne wurin farawa.

Na biyar, kafin a buga, a karanta wa waɗanda aka yi dominsu, a azuzuwan manya na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a tambaye su abin da za su aikata in sun ji wannan jimla. Amsarsu ita ce awon fassarar.

Na shida, bayanin asalin kalma a ajiye shi a ƙarshen bayani ga mai sha'awa, kada a yanke hukuncin ma'ana da shi.

7. Kammalawa

Mun ga kalma guda ta Latin ta rabu uku a Faransanci, ta tsaya biyu a Sifaniyanci, mun kuma ga Hausa tana buƙatar kalmomi da gine-gine fiye da ashirin kafin ta rufe filin da ukun suka rufe. Wannan ba talaucin Hausa ba ne, kamar yadda rashin takwarar taubasantaka ko ɗari ba talaucin Faransanci ba ne. Jerin kalmomi mai gida biyu yana ɓoye wannan, ya bar mai fassara da tabbacin da ba shi da tushe. Wanda yake biyan kuɗin kuskuren shi ne sabon mai karatun da ya amince da takarda ya zuba ɗanyen hatsi a rumbu. Muna fata kwamitocin da suke aikin keɓaɓɓun kalmomi za su duba waɗannan shawarwari, sauran masu nazari kuma su gwada irin wannan bincike a kan wasu gidajen kalmomi, kamar temps da droit da culture, waɗanda matsalarsu ba ta gaza wannan ba.